Rasuwar Lantana a Bahon Wankin Kifi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro mai cike da abin da ya fi baƙin ciki ɗaci, Abdulmannan Haladu na Haɗejiya yake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da abokan arziki, da waɗanda ya ɗauka abokai ne, rasuwar kyamararsa, abar ƙaunarsa, wadda duk unguwa ta sani da suna Lantana. Ta cika a gidan mahaifinsa bayan gajeriyar jinya a cikin buhun shinkafa. Ajali ne, ya yarda da wannan, bai kuma yi jayayya da ƙaddara ba. Amma ajalin nan da hannu ya zo, kuma hannun ba baƙo ba ne.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa wadda babu wanda ya taɓa zuwa a danginmu. Ta shigo ƙasar nan cikin kayan gwanjo, ta yi ƙuruciyarta a hannun Kawu Usman, mai ɗaukar hoto a Kafin Hausa, inda ta halarci suna da walima da saukar karatu ba adadi, ba ta taɓa zuwa a makare ba, ba ta taɓa neman a zuba mata abinci ba. Shi ya raɗa mata Lantana, don a cewarsa ita ba ta da wani tuwo sai haske. Da idon Kawu ya fara rauni, ya kira ɗan ƙanwarsa ya damƙa masa ita da hannu biyu, tare da sandarta mai ƙafa uku wadda ake ɗora ta a kai. Ƙafa ɗaya daga ciki ta gajarce tun wani hatsarin babur, saboda haka Kawu ya haɗa masa da wani lebur ɗin dutse, tsohon ɗan dutsen niƙa, ya ce, "Wannan shi ne takalmin gurguwar ƙafar. Ka yar da hularka in ka ga dama, amma kada ka yar da dutsen nan." Mai karatu ya riƙe wannan magana. Abdulmannan ya riƙe ta. Wasu ne ba su riƙe ba.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai kunya, mai rufa asiri. Ta ga fuskokin mutane kafin su gyara su, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta sha yin sammako zuwa fadama, ta laɓe cikin ciyawar kacala har cinnaku su gaji da cizon mai ita, don kawai wani tsuntsu da ya taso daga ƙasashen sanyi ya yarda ya juyo. Ta san masuntan Guri da sunayensu. Shekarar da ruwa ya shigo gari, ita kaɗai Abdulmannan ya ƙulle cikin leda ya ɗora a ka, ya bar kayan sawarsa da littattafansa suna iyo a ɗaki, mahaifiyarsa Inna Saude tana kallonsa tana girgiza kai. Kogi guda bai ci Lantana ba. A tuna da wannan idan an zo maganar baho.

Ba ta da yawan magana. In tana neman fuska sai ta ce "tsii-tsii" a hankali, kamar mai neman izini. In ta samu sai ta ce "ƙyas". Shi ke nan. Amma Abdulmannan ya rantse akwai "ƙyas" na murna, akwai na gajiya, akwai kuma wani siriri da ba ta yin sa sai in Radiyya ce ta gitta.

Tunda sunan ya fito, dole a yi bayani. Radiyya ƙawar Bushira ce, ƙanwar Abdulmannan, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu. Ya daɗe yana ɗauke da wata magana a ƙirjinsa wadda duk ranar da ya ɗauko ta zuwa baki sai ta koma "ina wuni". Ya karanta littattafai masu yawa, ya ga yadda jarumai ke furta irin wannan magana a bakin rafi ko a ƙarƙashin farin wata, amma ko ɗaya a cikinsu ba ya fama da harshen da ke sandarewa. Lantana kaɗai ta san sirrin. Su biyun suka yanke shawara cewa abin da baki ya kasa, haske zai faɗa.

Sana'ar ana kiranta zanen haske, kuma ba tsafi ba ce, ko da yake Inna ta daɗe tana zargi. Ana kafa kyamara cikin duhu, a buɗe idonta a bar shi a buɗe, ba ƙiftawa. Duk wani haske da ya motsa a gabanta sai ya bar layi, kamar alƙalami. Mutumin da ke motsi cikin duhu ba ya fitowa ko kaɗan, sai dai in ya tsaya cak kuma haske ya bugi fuskarsa. Sharaɗin ɗaya ne tak: kada kyamara ta motsa, ko da da faɗin gashi. Abdulmannan ya yi niyyar rubuta sunan Radiyya a sararin Allah da bakin wuta, harafi bayan harafi, sannan ya wanke hoton ya aika mata ta hannun Bushira. Tunda yana fuskantar kyamara ne, sai ya koyi rubutun a juye. Ya yi ta gwaji a ɗaki da tsinken tsintsiya har Inna ta leƙo wata rana ta ce, "Kai wannan, in aljanu ne ka faɗa tun da wuri a nemo tazargade." Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Don ya samu Radiyya ta zo ta ga abin da idonta, sai ya shirya gashin kifi a bayan gida. Ya gayyaci amininsa Misbahu, wanda suka yi allo tare, suka yi boko tare, suka sha bulala ɗaya. Ya gayyaci Safiyanu, wanda hannunsa ya faɗa a gashi. Bushira ta gayyaci ƙawarta. Inna ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa don ido ya kasance a kan kowa. Karfasa ce sabuwar kamu, da tarwaɗa masu ƙiba, kuma Radiyya ce da kanta ta wuni tana daka yaji tana cusa shi cikin tsagar kifin. Da aka idar da isha'i aka ɗauke wuta, duk unguwa ta yi tsaki, Abdulmannan kaɗai ya ce alhamdu lillahi.

Ya kafa Lantana a gindin katanga. Ya sa wa gurguwar ƙafa takalminta na dutse. Sannan ya dafa kafaɗar Misbahu.

"Amana ce na ba ka. Kada ka taɓa ta, kada ka bari a taɓa ta, kada ka yi tari kusa da ita."

"Haba angon Lantana," in ji Misbahu. "Ko sauro ya zo sai ya nuna mini takarda."

Aka fara da wasa. Safiyanu ya ɗauki bakin wuta ya zana kifi, ya fito kamar takalmi. Bushira ta zana zuciya da fitilar waya, ta fito kamar albasa. Aka yi ta dariya, ana leƙa bayan Lantana ana ganin abin mamaki, tartsatsin wuta sun zama zaren zinariya, kowa yana cewa a sake. Ita kuwa marigayiya tana ta "ƙyas" na murna. Abdulmannan zai so a rubuta cewa wannan shi ne yini mafi daɗi a rayuwarta, duk da cewa dare ne.

Sai lokacin ya yi. Ya zaɓi bakin wuta mafi ja, ya buɗe idon Lantana, ya taka can ƙarshen fili wajen bishiyar gwaba. Ya ɗaga hannu ya fara. Ya yi harafin farko, ya yi na biyu. Ya ji hayaniya daga wajen murhu, muryar Safiyanu tana cewa raga ta karkace, kifi zai zube a toka, amma bai waiwaya ba, don mai rubuta sunan masoyiya ba ya waiwaye. Ya yi na uku. Yana cikin ƙarasa na huɗu ya ji muryar da bai taɓa ji daga bakin Lantana ba.

"Cuɓul."

Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Ta faɗa da fuska cikin bahon da aka wanke kifi, ruwa mai ƙaya da jini da ƙarni. Wadda ta tsallake ambaliya a kan mai ita, ruwan da bai kai idon sawu ba ya ci ta.

Abdulmannan yana roƙon jama'a su yi masa uzuri in alƙalaminsa ya yi rawa a nan. Da ya iso a guje ya tsamo ta, ruwa yana ɗiga daga idonta kamar ita ce ke masa kuka, ya ɗaga kai ya dubi abokansa. Dukkansu suna tauna.

"Wane ne?" in ji shi.

"Iska ce," in ji Misbahu, da kan tarwaɗa a hannu. Daren da ko ganyen gwaba bai motsa ba.

"Ni dai kamar na ga kyanwa," in ji Safiyanu. "Ka zo ka ci tun da zafi, mutumina, ba ka iya jinya da yunwa."

"Akuyar Inna ce, Yaya," in ji Bushira. Akuyar tana ɗaure a turkenta, tana kallon kowa da idon wanda aka yi wa ƙazafi.

Radiyya ta sunkuyar da kai tana cire ƙaya. Shi kuwa, saboda tsabar soyayya, sai ya ɗauka alhini ne ya hana ta magana, har ya ji wani sanyi a ransa cewa ga mutum ɗaya da ta san girman rashin.

An yi wa marigayiya duk abin da ake yi wa mai rai. An cire mata batir, an goge ta da sabon rawanin mahaifin Abdulmannan, Malam Haladu, ba da saninsa ba, an binne ta cikin buhun shinkafa 'yar gida, sabuwar casa, don ta tsotse ruwan. Abdulmannan ya yi jinyarta bai gajiya ba, yana tona ta da safe yana kiran sunanta. Sau ɗaya ta buɗe ido, fuskarta ta yi fari fat, ta ce "tsii" rabi, ta koma. Aka garzaya da ita wajen mai gyara a kasuwa. Bawan Allah ya kwance ta, ya kai hanci, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan sai dai haƙuri. Amma wane yaji kuka sa?" A nan aka rufe mata ido da marfinta. Shinkafar kuwa Inna ta dafa ta, gida ya yi kwanaki yana cin dafa-duka mai ɗanɗanon kogi.

Da abin ya tsaya a nan, da wannan sanarwa ta zama gajeriya. Amma marigayiya ba ta tafi da bakinta a rufe ba. Katinta, ɗan guntun abin nan da take adana hotuna a ciki, ya tsira. Abdulmannan ya kai shi wani shago aka sa a kwamfuta, don kawai ya ga abin da ta gani na ƙarshe. Ya manta, su ma duk sun manta, cewa lokacin da abin ya faru idonta a buɗe yake.

Ga duhun bayan gida. Ga haruffa huɗu na wuta a tsaye a sarari, jajaye, kyawawa, babu karkata: RADI. A ƙarƙashinsu kuwa, kusa da ido sosai, ga fuska. Ta durƙusa a gaban Lantana, fitilar waya tana haska ta daga ƙasa, ta tsaya cak na ɗan lokaci tana leƙa cikin idon kamar mai duba madubi, shi ya sa ta fito sarai. Mayafinta ya zame kaɗan. Hannunta ɗaya, mai jan lalle, yana riƙe da dutsen Kawu Usman. Daga nan sai wani dogon layin haske ya tsaga hoton daga sama zuwa ƙasa, wato faɗuwar.

Bai taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba. Ba zai kuma sake ba. Ya karanta a littattafai cewa cin amana da wuƙa take zuwa, ko da guba, ko da wasiƙar ƙarya. Bai taɓa karanta inda ta zo da ƙamshin yaji ba.

Wanda ya san ƙasar nan ya san yashi da laka ne arzikinta, dutse sai an nema. Murhun Safiyanu guntayen bulo ne guda uku, zafi ya sa ɗaya ya ruguje, raga ta karkace. A duk faɗin bayan gidan dutse ɗaya ne ya rage, kuma yana ƙarƙashin ƙafar Lantana. Aka auna kifi, aka auna Lantana, kifi ya rinjaya.

Ya tara su a zaure, ya juyo musu da hoton a fuskar waya.

"Wallahi na riƙe ƙafar," in ji Misbahu daga ƙarshe. "Da ta zare dutsen ni na tallabe. Na riƙe, mutumina, na riƙe har hannuna ya sage."

"Sai kuma me?"

"Sai Safiyanu ya ce kan kifi ya nuna, wa ke so."

"To ni ina na san kai ne ƙafa ta uku?" in ji Safiyanu. "Da ka faɗa ai da na miƙo maka har baki."

"Yaya, kai muka tausaya wa," in ji Bushira. "Mun ga in ka san ita ce, rashin zai zame maka biyu."

"Akuyar fa? Ita wa ya tausaya mata?"

Bushira ta ce za ta ba ta dusa.

Radiyya ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallo. Abdulmannan ya tsaya yana jira, ya riga ya shirya yafiyarsa tun a hanya, ya gyara mata kalmomi, saura kawai a ce masa "yi haƙuri" ya sake ta kamar tantabara. Ta matso da hoton da yatsu biyu. Ta karkata kai.

"Yaya Mannan," ta ce, "ashe haka nake da kyau a duhu? Don Allah turo mini."

Ko Misbahu sai da ya runtse ido.

Ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo, ba ta dube shi ba, ta dubi ƙasa. "Wannan rubutun na sama fa. Ina sauran?"

"Suna cikin baho," in ji shi.

Marigayiya ta rasu ta bar sandarta mai ƙafa uku, wadda yanzu ke jingine a lungu ba ta iya tsayuwa da kanta. Da batura biyu marayu. Da caja wadda har yau in an kawo wuta sai ta kunna jan idonta tana jiran wadda ba za ta dawo ba. Ta bar jaka mai ƙamshinta, da igiyar wuya wadda ta yi wa Abdulmannan kanta a ƙeya. Ta bar Kawu Usman a Kafin Hausa, wanda da aka gaya masa bai tambayi kyamara ba, cewa ya yi, "Dutsen fa?" Ta kuma bar haruffa uku da ba a rubuta ba.

Za a kai ta makwancinta ranar Asabar bayan la'asar, a gindin gwabar nan ta bayan gida. Za a naɗe ta da farin ƙyallen da ake goge mata ido. Ba za a yi mata salla ba. Malam Haladu ya yi gargaɗi a kan haka da babbar murya, an kuma ji, sannan ya tambayi abin da ya sa rawaninsa ke ƙarni. Misbahu ne zai haƙa rami, shi kaɗai, ko hannunsa ya sage ba mai karɓarsa. Safiyanu zai tsaya a rana. Akuyar Inna za ta zauna a sahun gaba, don ita kaɗai ce a gidan nan ba ta yi ƙarya ba. Za a karɓi gaisuwa a zaure, za a raba gumba da dabino. Babu kifi. Duk wanda ya zo yana warin kifi a mayar da shi daga ƙofa. Kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ba a yi wa gwana kwaikwayo a kan kabarinta.

Ana cikin rubuta wannan sanarwa Bushira ta shigo tana murza gefen mayafi, ta ce an aiko ta daga bayan katanga. Wai har yanzu ba a ga hoton ba. Wai kuma ana tambaya, shin mai rubutun ya manta yadda ake ƙarasa sunan ne, ko a aiko masa a takarda?

Inna Saude, daga bakin murhu, ta ce, "Kai wannan, ka ba yarinya amsa mana. Dutsenka ma yana can ƙarƙashin raga, duk ya yi baƙi."

Abdulmannan ya ajiye alƙalami. Ya fito tsakar gida, ya tsaya daidai inda Lantana ta tsaya a darenta na ƙarshe, ya fuskanci katanga. Harshen nan da ya saba sandarewa, yau bai sandare ba.

"Ba sai kin kai saƙo ba, Bushira, tana ji. Ranar Asabar ta zo ta ɗauko dutsen nan da hannun da ta zare shi, ta wanke shi, ta ɗora a kan kabarin, ta dube ni ta ce ya haƙuri. In ta yi haka, a daren zan ari wayar Misbahu in ƙarasa sauran haruffan a gaban kowa. In ba ta zo ba, sunanta ya tsaya a inda ya tsaya, katin kuma da hoton da ke cikinsa tare da Lantana zan binne su."